Darasin Wannan Wata: Idan Alƙali Ya Ce A Kai Shi Magani

Darasinmu na wannan wata a kan shaye-shaye ne da kotu. A karanta shi a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, don maganar ta shafi kowane gida.

A da ana ganin shaye-shaye abin birni ne. Yanzu ya shigo ƙauye. Yaro zai sha taramol don ya yi noma bai gaji ba. Ɗan acaɓa zai sha don ya wuni a kan babur. Wasu na shan tabar wiwi, wasu maganin tari mai kodin, wasu kuma suna shaƙar sholisho. Har da matan aure a cikin gida.

A shekarar 2018 an yi bincike a duk Nijeriya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. An gano cewa mutum miliyan 14 da dubu 300 sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Daga cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Kusan mutum miliyan 3 kuwa abin ya riga ya zame musu ciwo. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana shigowa da maganin tari mai kodin, ta hana yin sa a cikin ƙasa.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1989 gwamnatin soja ta kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda ake kira NDLEA. Dokar da ta kafa ta tana da tsanani ƙwarai. Ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da irin su hodar iblis, ko da sha kawai yake yi. Babbar Kotun Tarayya ce ke yin irin wannan shari'a.

Amma akwai wani sashe na dokar da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar ta ba alƙali dama ya ba da umurni a kai mai laifin wurin magani, a ilmantar da shi, a kula da shi bayan ya fito. Ga babba, wannan ƙari ne a kan hukuncin da aka yanke masa. Ga yaron da shekarunsa ba su kai ba kuwa, alƙali na iya sa maganin ya tsaya a madadin hukuncin.

To, me ya kamata uba ya yi idan aka kama ɗansa? Kada ya ɓuya don kunya. Ya je kotu. Ya nemi lauya. Idan ba shi da hali, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tun shekarar 1976. Lauya shi zai roƙi alƙali ya duba maganar magani. Takardar likita tana taimakawa. Haka kuma tsayuwar iyaye a gaban alƙali. Sai dai a sani, alƙali ke da ikon yarda ko ƙi. Kuma mai sayarwa daban, mai sha daban. Kada dillalin ƙwaya ya sa ran wannan sassauci.

Gaskiyar magana, ba a cika bin wannan hanya a ƙasarmu ba. Wuraren maganin kaɗan ne, masu bukata kuwa da yawa. Sau da yawa tara ake ci, ko a tura mutum gidan yari, ya fito da ciwonsa yadda ya shiga da shi. A ganinmu wannan asara ce ga kowa.

A ƙasar Amurka an gwada wata dabara. A shekarar 1989, a birnin Miyami, aka buɗe kotu ta musamman don masu shaye-shaye. Maimakon kurkuku, sai a tura mutum magani. Yana dawowa gaban alƙali lokaci lokaci. Ana auna fitsarinsa don a ga ko ya koma sha. Idan ya kammala lafiya, a sassauta masa ko a yafe ƙarar. Idan ya gudu, hukunci na jiransa. Yanzu irin wannan kotu ta kai dubbai a ƙasar. Abin da masanansu suka lura da shi shi ne, wanda kotu ta tilasta wa magani yana iya samun sauƙi kamar wanda ya kai kansa. Dalili kuwa, tsoron alƙali yakan sa ya zauna har maganin ya kama shi.

Me ake yi a wurin magani?

Mataki na farko shi ne raba jiki da ƙwayar. Wannan yana da wuya. Wanda ya saba da taramol ko kodin, idan ya daina, zai yi ta gumi. Gaɓoɓinsa za su yi ciwo. Zai yi amai da zawo, barci ya ƙaurace masa, ransa ya riƙa ɓaci ba dalili. Ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba ne. Jiki ne ke neman abin da ya saba da shi. Wannan wahala takan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Likita yana da magungunan da ke rage ta. Shi ya sa ake so a yi wannan mataki a hannun ma'aikatan lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Hukumar NDLEA ma tana da wuraren ba da shawara da kula da masu shaye-shaye a ofisoshinta na jihohi.

Nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Da sun ga yaro ya yi ƙiba, idonsa ya washe, sai su ce ya warke, a sallamo shi ga damina ta zo. Alhali jiki ne kawai ya huta. Sha'awar tana nan a zuciya, tana iya yin watanni. Masana sun ce maganin da bai kai wata uku ba, amfaninsa kaɗan ne. A cikin watannin nan ne ake zama da shi ana magana. Me ya sa ka fara sha? Da wa kake sha? A wane lokaci sha'awar ke taso maka? Ana koya masa yadda zai ce a'a. A wasu wuraren ana koyar da sana'a, kamar ɗinki ko kafinta.

Sarƙa da bulala ba sa cikin magani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane kimanin 300, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, da niyyar a gyara musu hali. Kafin ka miƙa ɗanka ga kowane wuri, ka tambaya. Gwamnati ta san da wurin? Akwai likita? Za a bar ka ka gan shi?

Ranar dawowa gida

Umurnin alƙali yana da ranar ƙarewa. Ciwon kuwa bai san da wannan rana ba. Yaro zai dawo ya tarar da abokansa na da a dandali. Mai sayarwa yana nan a tasha ko a bayan kasuwa. Idan ba aikin yi, ga kuma gori daga safe har dare, komawarsa ba wuya.

Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa cikin mutum goma da aka yi wa magani, huɗu zuwa shida sukan sake sha. Kada wannan ya karya mana zuciya. Mai hawan jini ma idan ya bar shan magani, jininsa sake hawa yake yi, ba wanda ya ce a kore shi daga gida. Komawa asibiti ake yi. Haka shi ma wannan. Idan ya zame, a mai da shi wurin masu magani da wuri, kada a ɓoye.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Bayan mutum ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙwayar. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya kashe shi a ranar. Taramol mai yawa yana sa farfaɗiya, yana kuma tsai da numfashi. Makonnin farko bayan fitowa daga wurin magani ko gidan yari su ne mafi haɗari. Idan kuka ga ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa na fita da ƙyar, ku kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa, ko nono, ko manja. A garzaya da shi asibiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uba ya ba shi gona ko 'yar tunkiya ya yi kiwo, amma kada a danƙa masa kuɗi masu yawa a farkon dawowarsa. Uwa ta lura da cinsa da barcinsa. Liman ya jawo shi sahu. Mai unguwa da dagaci su sa ido a kan masu sayarwa, don su ma 'yan gari ne, an san su. A daina kiransa ɗan ƙwaya. Yana da sunan da aka raɗa masa.

Idan mace ce abin ya fi wuya, don ita ɓoye ta ake yi saboda maganar aure. Ciwon kuwa iri ɗaya ne, maganin ma iri ɗaya ne. A kai ta.

Idan kotu ta sa ranar da zai koma gabanta, ko asibiti ya sa ranar ganin likita, a rubuta a takarda a manna a bango. Ga amfanin karatun da muke koyo. Saɓa wa umurnin kotu wani laifi ne daban.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A wace shekara aka kafa hukumar NDLEA?
2. Me ya sa bai kamata a sallamo mai magani bayan mako biyu ba?
3. Me za ka yi idan ka tarar da mutum ya sha ƙwaya ba a iya tashinsa?
4. A garinku, wane aiki za a iya ba saurayin da ya dawo daga wurin magani? Kowa ya rubuta amsarsa cikin layi uku, ya kawo wa malami.