Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wai da gaske ne tsohuwar motar tsere ta Porsche 911 ba ta da lagireto? To yaya take yi ba ta ƙone ba?

Gaskiya ne, malam. Tun da aka fara nuna ta a birnin Frankfurt na Jamus a 1963, iska ce ke sanyaya injinta mai silinda 6, wanda ke can baya, inda sauran motoci ke da but. Wata babbar fanka ce ke hura iska a kan silindojin. Duk wanda ya san tsohuwar Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas ya san wannan tsari, don Ferdinand Porsche ne ya tsara Beetle ɗin.

Sauran aikin kuwa baƙin mai ne ke yi, shi ya sa take ɗaukar kimanin lita 10. A nan kanikawa da yawa kan yi kuskure. Ba a auna man idan injin yana a kashe. Sai ya yi zafi, yana aiki, motar na tsaye a wuri mai daidai. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu, ya ƙara, mai ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe.

A 1998 aka daina ƙera mai iskar, aka koma ruwa. Idan ka samu tsohuwar, ka riƙa duba bel ɗin fankar, domin in ya tsinke kana tafiya, tsayawa nan take ya zama dole.