A Kan Cacar Tseren Motoci

Ya ɗan'uwa, ka lura da wannan. A Monako, wata ƙaramar ƙasa kusa da Faransa, ana tseren motoci tun 1929. Akwai babban gidan caca a can, amma doka ta hana 'yan ƙasar yin caca cikinsa. Kuɗin baƙi ake karɓa.

Yau saurayi a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, yana iya zuba kuɗi ta waya bisa direban da zai ci tseren. Amma mai gidan caca ya riga ya yi lissafi domin abin da ya tara ya fi abin da zai biya. Wanda ya sayar da buhun masara ya kai caca, abincin 'ya'yansa ya bayar. Ka ci guminka, ka gode wa Allah.