Kafin Ka Amsa Gayyatar Masu Haruffan Girka

Ɗana, labari ya iso mini cewa wasu samari a jami'arku can Amurka suna zawarcinka ka shiga ƙungiyarsu, irin waɗanda ke kafa haruffan Girka biyu ko uku a ƙofar gida. A nan gida da zarar an ce ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwa, hankalin kowa kan 'yan ƙungiyar asiri yake tafiya, kuma ba a banza ba. Wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba da makami ta fara ba, amma aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, har ta kai a 1999 aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ile-Ife dare ɗaya.

Na Amurka daban suke, kuma ba zan tauye musu haƙƙi ba. A fili suke, hukumar makaranta ta san da zamansu, tarihinsu ya kai 1776. Da fararen fata suka rufe ƙofofin nasu, baƙaƙe suka kafa na kansu: Alpha Phi Alpha a Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, da ta mata, Alpha Kappa Alpha, a Howard a 1908, wadda Kamala Harris take ciki. Azikiwe da Nkrumah ma 'yan Phi Beta Sigma ne. Ribar da ake faɗa gaskiya ce. Tsohon ɗan ƙungiya da ya zama babba a kamfani yakan ɗaga wayar ƙaninsa na ƙungiya, ya yi masa hanyar aiki, kuma baƙon da ba shi da kowa a ƙasa ba zai raina wannan ba.

Sai dai ba suna za ka shiga ba, gida ɗaya za ka shiga, mai samari talatin ko hamsin, kuma halinsu ne zai shafe ka. Fara da aljihu. Akwai kuɗin shiga, akwai na kowane zangon karatu, ga na riguna da bukukuwa, duk da dala. Kai kuwa takardar izininka ta ɗalibi ba ta ba ka damar aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, a cikin makaranta kawai. Ka san yadda babanka yake haɗa dalar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne makonnin gwaji, lokacin da sabon shiga yake zama ɗan aike, a hana shi barci, a wulaƙanta shi da sunan gwada biyayya. A 2017, a jami'ar Penn State, an ɗura wa wani yaro ɗan shekara 19 giya a daren karɓarsa, ya gangaro daga matakala. 'Yan'uwan da ya zo nema suka ɗora shi a kan kujera, suna wucewa ta gabansa, ba wanda ya kira motar asibiti sai bayan kusan awa 12. Bai tashi ba. Tsoron kada a rufe musu gida ya fi musu ransa. Irin wannan ne ya sa a ƙarshen 2024 aka sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana ƙungiyoyin da aka kama da azabtar da sababbi. To ka nemi wannan bayani a makarantarku, ka duba ko sunan masu gayyatar taka yana ciki. Ka kuma tuna doka ta hana wanda bai kai 21 ba shan giya. In 'yan sanda suka kai samame, ɗan ƙasa babansa zai ɗauko lauya, kai kuwa bizarka ce a kan faifai, ko da lemo ne a hannunka.

Na san abin da ke jan ka, kaɗaici ne. Sanyi, abincin da ba naka ba, mako guda ba ka ji an ce maka sannu da Hausa ba. Amma wannan yana da magani mai araha. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana nan tun 1963, ga ta ɗaliban Afirka, ga ta masu karatu irin naka, ba mai neman ka rantse. Har ƙungiyar haruffa ta Musulmi an kafa a Dallas a 2013, Alpha Lambda Mu, ba giya a cikinta.

Shawarata ka ce musu sai baɗi. Ka yi shekara guda kana kallo, ka ga sakamakon jarabawar 'yan gidan, ka ga yadda suke magana a kan mata in babu mace a wurin. Ka nemi wanda ya fita daga cikinsu ka ji dalilinsa, don shi ne zai faɗa maka abin da masu gayyata ba za su faɗa ba. In har zuciyarka ta natsu bayan haka, ka gaya musu tun a zaman farko cewa ba ka sha, kuma ranar Juma'a da rana kana masallaci, sannan ka dubi fuskokinsu.