TSIMIN MAKAMASHI A MASANA'ANTU DA TSOFAFFIN GINE-GINE

In tulu yana yoyo, hanya biyu ce gare ka. Ko dai ka yi ta kai da kawowa rijiya kana ƙara masa ruwa, ko kuwa ka nemi inda ya tsage ka liƙe. Kowa ya san wadda ta fi sauƙi. Amma da ya ke wutar lantarki ba a ganin zubarta a ƙasa kamar ruwa, mutane da yawa hanyar farko su ke bi ba su sani ba. Mai masana'anta in ya ga wuta ba ta isarsa, sai ya ce a sayo babban janareto. Shugaban makaranta in aka kawo masa takardar kuɗin wuta, sai ya yi gunaguni ya biya. Darasinmu na yau a kan hanya ta biyun ne, da kuma gwanayen da suka mai da ita sana'a, watau masu shiga masana'anta ko tsohon gini su binciko inda makamashi ke zurarewa, su ba mai wurin shawara.

In mun ce makamashi, muna nufin dukan abin da ke ba da ƙarfi ko zafi ko haske, kamar lantarki, da man dizal, da kwal, da iskar gas, da itace. Abin da za mu riƙe kuwa shi ne wannan: kada a ƙaro sabo sai an auna an ga inda na hannu ke tafiya.

Awon Wuta

Ba a iya tsimin abin da ba a san awonsa ba. Ƙarfin da ko wane kayan lantarki ke ja da wat a ke auna shi, kuma wat 1,000 shi ne kilowat 1. Abin da ke jan kilowat 1, in ya yi aiki awa 1, ya ci yunit 1. Wannan yunit shi ne mita ke ƙirgawa, shi kuma a ke biyan kuɗinsa. Dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 awa guda ya ke cin yunit. Fankar silin mai wat 70 sai ta yi wajen awa 14 kana ta ci haka. Ashe abu biyu ne ke cika takardar kuɗi, ƙarfin kaya da kuma tsawon lokacin da aka bar shi a kunne. Ƙaramin abu in ya kwana ya wuni yana aiki ya kan fi babba ci.

Wanda ke samun wutarsa daga janareto shi ya fi kowa bukatar wannan ilmi. Litar dizal guda tana ɗauke da zafi da ya kai kimanin yunit 10, amma janareto mai lafiya wajen yunit 3 kaɗai ya ke fitarwa daga ciki. Sauran duk zafi ne da hayaƙi. In kuwa babban janareto ne aka ɗora masa ɗan kaya kaɗan, hasarar ta fi haka.

Asalin Wannan Sana'a

A ƙarni na 18 akwai ramukan haƙar kuza da jan ƙarfe a Konwal, can kudu maso yammacin Ingila. Ruwa ya kan cika ramukan, sai da injin tururi a ke zuƙe shi. Injin da a ke da shi a lokacin, wanda Thomas Newcomen ya ƙera a 1712, mugun cin kwal gare shi, ga shi kuwa Konwal ba ta da kwal, a jirgin ruwa a ke kawo mata. Wani mutumin Sikotlan, James Watt, wanda daga sunansa aka samo kalmar wat, ya lura da cewa ko wane bugu na injin nan sai an zafafa tukunya guda sa'an nan a sanyaya ta da ruwa, a sake zafafa ta. Sai ya ware wani mazubi dabam inda tururin zai je ya huce, ita kuwa tukunyar ta zauna da zafinta. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1769. Injinsa bai kai ga cin rabin kwal ɗin da tsohon ke ci ba.

Abin lura a nan shi ne yadda shi da abokin cinikinsa Matthew Boulton suka tsara ladansu. Suka ce wa masu ramuka, a lissafta kuɗin kwal ɗin da aka tsira da shi ko wace shekara, a ba su kashi ɗaya cikin uku. Har Watt ya ƙera wani abin ƙirga bugun inji, aka kulle shi cikin akwati don kada wani ya taɓa. Duk da haka sai da rigima ta tashi har gaban shari'a, gama da mutane suka saba da sabon injin sai suka manta da tsadar da. Haka aka yi ta yi har takardar ta ƙare a 1800. Har yanzu akwai kamfanonin da ke aiki bisa irin wannan sharaɗi, su gyara maka wuri, ka biya su daga cikin abin da ka rage. Darasin Konwal kuwa bai tsufa ba: a shirya tun da fari yadda za a auna, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Sana'ar ta ƙara ƙarfi bayan 1973, sa'ad da kuɗin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Japan, da ya ke kusan dukan manta sayowa ta ke yi, ta kafa doka a 1979 wadda ta tilasta wa manyan masana'antu su ajiye ma'aikaci na musamman mai kula da makamashi. A 2011 kuma aka fito da wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISO 50001, wadda ke nuna wa ko wace ma'aikata yadda za ta tsara wannan aiki.

Yadda Mai Bincike Ke Aikinsa

Da fari ya kan nemi takardun kuɗin wuta da na mai na wata 12 a ƙalla, tare da lissafin kayan da aka yi a ko wane wata. Daga nan zai san yunit nawa a ke ci a kan ko wane buhun gari ko bandir na yadi. In kaya sun ragu a wani wata amma wuta ba ta ragu ba, ya san akwai magana.

Na biyu, ya zaga wurin da ƙafarsa, dare da rana, gama gani ya kori ji. Ya kan zo ranar da ba a aiki ya dubi mita. In an rufe ƙofa kowa ya tafi gida amma mita na gudu, to, ga yoyon tulun nan.

Na uku, ya ɗaura ƙananan mitoci a ko wane sashe, domin mita guda ta bakin ƙofa ba ta faɗin wanda ya ci.

Na huɗu, ya rubuta shawarwarinsa kashi uku: waɗanda ba su cin ko kwabo, da masu ɗan kuɗi kaɗan, da masu kuɗi da yawa. A gaban ko wace ya rubuta wata nawa za a yi kafin kuɗin gyaran su dawo.

Na biyar, bayan an yi gyara ya komo ya sake aunawa. Mashawarcin da ya ajiye takarda ya karɓi ladansa bai komo ba, rabin aiki ya yi.

Inda Makamashi Ke Zurarewa A Masana'anta

Babban mai ci shi ne injin lantarki mai juya famfo da fanka da bel. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa irin waɗannan injuna su ke cin kusan kashi 45 cikin 100 na lantarkin duniya duka. Sau da yawa a kan bar famfo yana gudu iyakar ƙarfinsa, sa'an nan a ɗan rufe bakin bututu don a rage ruwa. Wannan daidai ya ke da mahayin da ke sa wa doki kaimi yana kuma jan linzami. Akwai na'urar da ke rage gudun injin kansa. In aka rage gudun fanka da kashi ɗaya cikin biyar, wutar da ta ke ja ta kan sauka kusan rabi.

Sai iskar da a ke matsawa cikin tanki don tafiyar da kayan aiki. Ma'aikata su kan ɗauka iska kyauta ce, alhali kuwa tana cikin mafi tsada. A masana'antar da ba a kula, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar nan ta mahaɗin bututu ta ke tsiyayewa. Ba a bukatar wani babban ilmi a gano ta. A tsai da injuna a kasa kunne, ko a shafa ruwan sabulu a ga inda ya yi kumfa.

Har wa yau akwai bututun tururi da aka bari tsirara ba a naɗe shi ba, da tukunyar tururi da ƙunƙunniya ta rufe, da fitilun da ke ci tsakar rana. Ko wanne ƙarami ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Tsohon Gini

Sabon gini tun a takarda a ke shirya shi, amma yawancin gine-ginen da mu ke ciki an riga an gina su, rushewa kuwa ba ta taso ba. Ga misali daga Amurka. A birnin Niyu Yok akwai wani dogon bene mai hawa 102 da a ke kira Empire State, wanda aka gama a 1931. A 2009 masu shi suka tara gwanaye suka shirya gyaran da zai rage cin makamashinsa da kashi 38 cikin 100, watau kimanin dala miliyan 4.4 a shekara. Tagoginsa 6,514 ne. Maimakon a zubar da su, sai aka buɗe wurin aiki cikin benen kansa, a ciro taga, a ƙara mata wata 'yar fata mai tare zafi tsakanin gilasanta biyu, a mayar. Da zafin da ke shiga ya ragu, sai aka ga ba sauran bukatar sayen sababbin manyan injunan sanyi, gyaran tsofaffin ya isa.

Ku lura da jerin nan. An fara rage bukata, sa'an nan aka dubi girman inji. Haka ya kamata mai son sayen janareto ko farantan wutar rana ya yi. A ƙasa mai zafi kamar tamu, yawancin zafin ɗaki ta rufi ya ke shigowa. Silin a ƙarƙashin kwano, da farin fenti a bisansa, da itatuwa gabas da yamma, da tagogi masu fuskantar juna, duk suna rage wa fanka da na'urar sanyi aiki. Ita na'urar kuma a riƙa wanke matatarta, balle lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, a kuma rufe ƙofa in tana aiki.

Misali Na Lissafi

Mu ƙaddara wata makaranta tana da tsofaffin ƙwayayen fitila 40 masu wat 60, ana kunna su awa 6 kullum. Irin wannan ƙwai wajen kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi ya ke zama. Jimlar ƙarfinsu wat 2,400 ke nan, watau kilowat 2.4. A kwana guda sun ci yunit 14.4, a kwana 30 yunit 432. In aka musanya su da irin na LED masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na da, a kwana 30 wajen yunit 65 za su ci. An tsira da yunit 367. A ce yunit naira 200 ne, an rage naira 73,400 a wata. A ce kuma ko wane sabon ƙwai naira 1,500, duka 40 naira 60,000 ke nan. Kun ga kafin wata ya ƙare kuɗin sun dawo, abin da ya biyo baya riba ce ta littattafai da alli.

Abin Da Ya Shafe Mu

A Nijeriya wannan magana ba ta wasa ba ce. A watan Afrilu na 2024 aka ƙara kuɗin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Masana'antar da kuɗin wuta da na dizal suka fi ƙarfinta, ko ta ƙara wa kaya kuɗi ko ta sallami ma'aikata, kuma iyayen yaranmu ne ma'aikatan nan. Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, amma takarda ba ta kashe fitila, sai mutum.

Nan ne aikin malami ya shigo. Yaron da ya iya karanta mita yana aji biyar ba zai bar famfo yana gudu a banza ba ran da ya zama shugaban leburori. Kayan darasin kuwa suna nan jikin bangon makaranta.

Tambayoyi Da Aiki

1. Mene ne bambancin kilowat da yunit?
2. Don me injin Watt ya fi amfani a Konwal bisa ga wurin da kwal ke da araha?
3. Fanka 10 masu wat 70 an manta da su a kunne daga ƙarfe 4 na yamma har 8 na safe. Yunit nawa suka ci?
4. Don me aka gyara tagogin Empire State kafin a taɓa injunan sanyi?
5. Ku raba yara ƙungiya ƙungiya, su rubuta lambar mitar makaranta safe da yamma har kwana 7. Su zana abin da suka samu a allo, su faɗi daren da aka fi ci da dalilinsa, sa'an nan su kai wa shugaban makaranta shawara uku waɗanda ba su bukatar kuɗi.