Suna Ɗaya, Sauro Biyu: Sa Ido Kan Cutar West Nile a Jega, Aliero da Maiyama

A bakin Bahaushe, "zazzaɓin cizon sauro" maleriya ce, wadda sauron Anofilis ke yaɗawa. Sunan ya rufe wani jinsin, wato Kules, mai hayayyafa a kwatami, wanda ke ɗauko ƙwayar cutar West Nile daga tsuntsaye zuwa mutane da dawaki. An fara gano ta a Yuganda a 1937. Akasarin waɗanda ta kama ba sa nuna alama, amma takan kumbura ƙwaƙwalwar ƙalilan, har a zaci sanƙarau ne.

Fadamun Jega da Maiyama da lambunan albasar Aliero kan riƙe ruwa har cikin rani. Manomi zai shaida yawan sauro, amma kalmar ba ta rarrabe jinsi. Sai an ɗana tarko an tantance abin da ya faɗa.