Bibiyar Ƙwayoyin Mura da Korona ta Ruwan Kwata

Mai ɗauke da korona ko mura ba ta tari da atishawa kaɗai yake fitar da ƙwayar cutar ba. Ɓurɓushinta na bin bahaya da majina da kakin da ake wankewa, ya gangara magudanar ruwa. Shi ya sa kwalba ɗaya ta ruwan kwata kan nuna halin da unguwa guda take ciki, ba tare da an zura wa kowa tsinken auduga a hanci ba.

Ma'aikaci kan ɗebi ruwan da safe, lokacin da jama'a suka fi zagayawa, ya sa a akwatin ƙanƙara, domin zafi na lalata abin da ake nema. A ɗakin gwaje-gwaje sai a tace shi, a tattara ɓurɓushin, a yi masa gwajin PCR mai gano alamar ƙwayar cutar. Awo ɗaya ba ya wadatarwa. Abin lura shi ne ko adadin na hawa ko sauka daga mako zuwa mako. Sau da yawa yakan fara hawa kafin asibitoci su cika, saboda har wanda bai ji ciwo ba, da wanda ya tsaya a kemis ya sayi magani, duk suna cikin lissafin. Wannan 'yar tazarar tana da daraja ƙwarai, don a cikinta ake tanadin iskar oksijin da gadaje.

A watan Maris na 2020 masu bincike a Holan suka gano korona a ruwan kwatar garin Amersfoort tun ba a sanar da mai cutar ko ɗaya a can ba. A Satumbar shekarar hukumar CDC ta Amurka ta kafa tsarin bibiya na ƙasa, daga baya aka haɗa da mura da ƙwayar RSV mai wahalar da jarirai. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Najeriya: tun 2011 ake ɗibar ruwan lambatu a Kano don farautar shan-inna.

Sai dai tana da iyaka. Ruwan sama na tsarma samfurin, kuma gidan da ke amfani da masai na rami da wuya ya shiga awon. Ba ta kuma faɗin daga wa ƙwayar ta fito. Da aka ga alamar murar tsuntsaye a ruwan kwatar wasu garuruwan Amurka a 2024, awon bai iya rarrabe ko daga mutane take ba, ko daga tsuntsaye, ko madarar shanun da suka kamu, sai da aka bi sawu da gwajin mutane da dabbobi.