Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tanadin Tsohuwar Waya Don Ranar Larura

'Yan uwa 'yan kasuwa da iyalai na Bromakoté da sauran unguwannin Adjamé da Treichville, da yawa daga cikinmu idan muka sayi sabuwar waya sai mu jefa tsohuwar cikin akwati mu manta da ita. Alhali ranar da naƙuda ta taso cikin dare, ko gobara ta kama rumfa, ko aka zare wa maigida waya a cunkoson tasha, ita ce za ta kira taimako. Amma sai an kula da abubuwa uku.

Na farko: layi

Kiran lambobin gaggawa kyauta ne, ko da babu ko dala a layin. A nan Kodebuwa, 185 ita ce lambar SAMU, masu agajin lafiya na gaggawa, 180 kuma ta 'yan kwana-kwana. Sai dai kada a cire sim. A Amurka ana iya kiran 911 da wayar da ba ta da sim, amma ba ko'ina ba ne haka: Jamus ta hana irin wannan kira tun 2009. Haka kuma kamfanoni kan janye layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba. Don haka a riƙa sa ɗan kati kaɗan lokaci-lokaci, a yi gajeren kira.

Na biyu: batir

Batir yana zubar da caji ko wayar a kashe take. A sa rana guda a kowane wata, misali Juma'ar farko, a yi mata caji, sannan wani ya kira ta a tabbatar tana ƙara. Kada a yi gwaji da 180 ko 185, domin hakan yana tare wa mai larura hanya. Danshin Abijan yana cin ƙarfe, musamman a damina, daga Mayu zuwa Yuli. A sa wayar da cajarta cikin leda, a ɗora inda ruwa ba ya kaiwa. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta, a kai wa mai gyara ya sauya shi.

Na uku: lambobi

Tun 31 ga Janairu 2021 lambobin ƙasar nan suka tashi daga alƙaluma 8 zuwa 10: na Orange suna farawa da 07, na MTN da 05, na Moov da 01. Tsohuwar lambar da ke cikin wayar ba za ta shiga ba sai an gyara ta. A kuma rubuta lambobin gaggawa da na makwabci guda a takarda, a manna a bayan wayar.

Idan an kira

Da Faransanci za a amsa, don haka a bai wa wanda ya iya. A faɗi abin da ya faru, da unguwa, da wata sananniyar alama kamar masallaci ko kantin magani. Kada a katse sai an sallame ku. A tura yaro bakin titi ya tarbi motar.

Masu fatauci su tuna lamba tana sauyawa da tsallake iyaka: 112 a Najeriya da Ghana, 18 ga 'yan kwana-kwana a Nijar.

A daren yau a fito da wayar, a nuna wa uwargida da manyan yara inda take. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.